Faci a kan dmenu: kundin koya wa kwamfutata ƙ da ɗ da ɓ

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

An gama hidimar sallah, baƙi sun watse, yau na samu zama da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Jakar takarduna cike take da fayiloli masu sunan Hausa: ƙasidu, fassarori, aikin ɗalibai, wasiƙu. Hanyar buɗe su ɗaya ce. In danna maɓalli biyu, `find` ya zazzago sunayen, dmenu ta jera su a saman allo, in rubuta harafi uku ko huɗu, in zaɓa. Ga wanda bai san ta ba, dmenu ƙaramar manhaja ce ta mutanen suckless, waɗanda suka yi dwm (mai tsara tagogin allo, wanda nake amfani da shi) da st (tagar umarni). Ka ba ta jerin layuka, ta riƙa tace su gwargwadon abin da kake rubutawa, ta miƙo maka wanda ka zaɓa. Iyakar aikinta ke nan.

In na rubuta `kasida` ba ta kawo mini "ƙasida". Wannan da sauƙi, baƙaƙe biyu ne daban. Abin haushin shi ne ko na gwada a tagar umarni na rubuta `ƙasida` da ƙugiyarta, ba ta kawo fayil ɗin da ya fara da babbar Ƙ, alhali zaɓin `-i` an yi shi ne don kada ta bambanta babba da ƙarami. Ta san A da a 'yan gida ɗaya ne, amma Ƙ da ƙ ba ta san sun haɗa dangi ba.

Da wata Linux ɗin nake, mai raba manhaja gamammiya, da sai dai in yi haƙuri ko in gina tawa a gefe, in riƙa tunawa da ita. A Gentoo kuwa, wato Linux ɗin da nake kai, mai girka manhajoji, Portage, tushen manhajar yake saukowa da shi, ya harhaɗa a kan na'urarka bisa umarnin da ke cikin fayil ɗin ebuild. Aikin hawa-hawa ne: a kwance ƙunshin, a shirya shi, a saita, a harhaɗa, a girka. A hawan shiryawa, wato `src_prepare`, akwai ƙofar da aka bar wa mai na'ura. Tun daga EAPI 6, wato zubi na 6 na ƙa'idojin rubuta ebuild, dole ne kowane ebuild ya kira `eapply_user`, shi kuma ya leƙa `/etc/portage/patches`, in ya ga faci, wato fayil mai ɗauke da gyare-gyaren tushe, da sunan manhajar ya manna kafin a harhaɗa. Ta wannan ƙofar zan shiga.

Na kwance tushen da `ebuild /var/db/repos/gentoo/x11-misc/dmenu/dmenu-5.2.ebuild clean unpack`, ya zube a `/var/tmp/portage/x11-misc/dmenu-5.2/work`. Duk `dmenu.c` bai kai layi dubu ba, na karance shi tsakanin la'asar da magariba. Abin da `-i` ke yi layi biyu ne a cikin `main`: ya mayar da `fstrncmp` zuwa `strncasecmp`, ya mayar da `fstrstr` zuwa `cistrstr`. Dukansu bayit-bayit suke kwatanta rubutu. A nan gizo ke saƙar.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Yau takarda da biro na yi, ban taɓa C ba. Na rubuta yadda baƙaƙenmu masu ƙugiya suke a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, kowanne bayit biyu. Ƙ ita ce C6 98, ƙ kuma C6 99. Ɗ ita ce C6 8A, amma ɗ ta yi nisa, C9 97. Haka Ɓ C6 81 ce, ɓ kuma C9 93. Sai Ƴ da ƴ ta mutanen Nijar, C6 B3 da C6 B4. Dalilin da ƙananan ɗ da ɓ suka rabu da manyansu shi ne Unicode ya ajiye su a rukunin alamomin furuci na IPA, manyan kuma suna wani rukunin na ƙarin haruffan Latin. Ke nan babu wani lissafi guda, irin ƙara 32 da ake yi wa A ta koma a, da zai yi wa dukansu. Sai dai jadawali.

Na so in bi gajeriyar hanyar da ake bi da é ta Faransanci: a raba ta gida biyu, e da alamar da ke kanta, a yar da alamar. Ba ta yi. Unicode bai ba ƙ irin wannan rabuwar ba, harafi ne mai zaman kansa, ƙugiyar jikinsa ce. Da farko na ji haushi, daga baya na ga gaskiyarsu ce. Wanda ya ce ƙafa da kafa abu ɗaya ne da ɗan ado a kai, bai san Hausa ba.

Akwai tarko guda da na hango. Gaɓar `match`, wato sashen `dmenu.c` da ke yin tacewar, tana kasa sakamako kashi uku: wanda ya yi daidai da abin da aka rubuta cif, sai wanda ya fara da shi, sai wanda ya ƙunshe shi a tsakiya. Don gane kashi na ɗaya da na biyu tana auna tsawon abin da ka rubuta da bayit. To `k` bayit ɗaya ce, `ƙ` biyu. In aka ce su dace da juna, awon ya karkace.

Shawarar da na yanke: kowane layi in ajiye masa kwafi na biyu wanda aka kankare wa ƙugiyoyi aka mayar ƙananan baƙaƙe, abin da aka rubuta ma a kankare shi, a yi kwatancen tsakanin kankararru, a nuna na asali a allo.

Talata, 16 ga Afrilu

Aikin dare biyu ya tafi. Tun bara na ɗora `/var/tmp/portage` a kan tmpfs, wato a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura, don harhaɗawa ta yi sauri. Ni kuma a can cikin `work` nake ta gyare-gyarena kai tsaye. Aka ɗauke wuta, batirin da ma ya tsufa, zafi ya ƙarasa shi, na'ura ta mutu. Da ta dawo wurin wayam.

Ko da wuta ba ta yi mini haka ba, `clean` na gaba zai yi, don share wurin yake. Laifina ne. Na sake kwancewa, na kwafe jakar zuwa gidana, na yi `git init` a can, na adana tushen yadda ya zo kafin in taɓa komai.

Asabar, 20 ga Afrilu

Zubi na farko ya tashi. Na ƙara gurbi a `struct item` don kankararren kwafin, na cika shi a `readstdin` inda ake karanta layukan, na sauya kwatancen cikin `match`, sannan na sa maɓallin kunnawa da kashewa a `config.def.h`. Kankarewar da `mbrtowc` da `towlower` na yi ta, sai ɗan jadawali mai mayar da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ zuwa k, d, b, y. Na buga `make` a gida, na zuba mata kalmomin gwaji, `kaura` ta kawo "Ƙaura Namoda". Na yi hamdala.

Sai `git diff` zuwa `/etc/portage/patches/x11-misc/dmenu-5.2/hausa.patch`. Sharuɗɗan kaɗan ne: sunan ya ƙare da `.patch` ko `.diff`, hanyoyin da ke ciki su yi daidai da `-p1`, wanda shi ne abin da git ke fitarwa da ma, kuma fayil ɗin ya zama mai karantuwa ga asusun `portage`. Portage ba ya lura da cewa ka ajiye sabon faci, sabuntawar yau da kullum ba za ta sake gina komai ba saboda shi. Sai ka ce masa da bakinka: `emerge --oneshot x11-misc/dmenu`.

Facin ya mannu lafiya, harhaɗawa ta faɗi. Wai maɓallin da na ƙirƙiro ba a san shi ba. Na yi kusan rabin awa ina duba facin, ga layin nan ƙuru-ƙuru a `config.def.h`. Ashe `savedconfig` ne. Na kunna wannan zaɓin na USE (zaɓuɓɓukan gini na Gentoo) tun ranar da na girka dmenu, don in riƙe launukana da girman rubutu. Abin da yake yi shi ne ya ɗauko tsohon `config.h` ɗina daga `/etc/portage/savedconfig` ya ajiye a cikin tushen. Makefile kuwa ba ya kwafo `config.def.h` sai in bai tarar da `config.h` ba. A gida babu shi, shi ya sa ya yi. A hannun emerge akwai shi, kuma tsoho ne da bai san da maɓallina ba.

Zan iya ƙara layin a ajiyayyen fayil ɗin in huta. Ban yi ba, don hakan ya zama wuri biyu ke nan da sai sun yi tafiya tare har abada. Na cire maɓallin daga saiti, na mayar da shi zaɓin layin umarni, `-H`. Nan ma na yi ɗan tuntuɓe: a `main` akwai layin da ke cewa in zaɓi ya zo a ƙarshe ba tare da abokin rakiya ba, a buga bayanin amfani a fita. Duk zaɓin da ba ya karɓar komai sai ya zauna a samansa. Ni na sa nawa a ƙasa.

Lahadi, 21 ga Afrilu

A tagar umarni tana aiki, da maɓallin dwm ba ta yi. Manhaja ɗaya, jeri ɗaya.

Saitin harshe ne. `mbrtowc` ba ya gane UTF-8 sai an gaya wa manhaja cewa a UTF-8 ake. Ni kuwa `LANG` a `.bashrc` kawai na taɓa sa shi, wanda tagar umarni ke karantawa. dwm daga allon shiga yake tashi, bai taɓa ganin wannan layin ba, duk abin da ya haifa a saitin harshe na asali mai suna C yake tashi, wanda bai san UTF-8 ba. Abin da ya ɓoye mini wannan shekara da shekaru shi ne dmenu da kanta take warware UTF-8 wajen zana rubutu, a `drw.c`, don haka ƙ tana fitowa tsaf a allo ko da sauran jikin manhajar bai san mece ce ba. Sai yau na gane dalilin da ya sa tun can in na kira ta da maɓalli, haɗin da na yi wa ƙ a `.XCompose` ba ya shiga. Na ɗauka halinta ne.

Na gyara da `eselect locale`, wanda ke rubutawa a `/etc/env.d/02locale` don kowa ya samu. glibc tana da `ha_NG`, amma na bar `en_US.UTF-8` da na saba da shi, ba na son in tayar da wata ƙurar ana tsakiyar wannan. Sai dai abin ya tsaya mini a rai. Facin da zai mutu shiru don wani saiti can nesa ya kauce, ban yarda da shi ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Mako guda ina aiki da ita. Abu biyu.

Na farko ba laifin dmenu ba ne. Yanzu da `yan` ke kawo fayilolin da suka fara da 'yan, sai na ga wasu in na zaɓa ba sa buɗewa. Ɗan rubutun umarnina da `xargs xdg-open` yake ƙarewa, shi kuma `xargs` in ya ga alamar ' ɗauka yake an buɗe zance, ya yi ta jiran a rufe, ya ƙare da ƙorafi. Duk fayil mai 'ya'ya ko ma'aikata ko jama'a a sunansa yana cikin wannan hatsarin. Na sa `-d '\n'`, magana ta ƙare.

Na biyu shi ne ainihin abin. Kankarewar da na yi ta yi yawa. In na rubuta `baki` ta kawo baki da baƙi, wannan shi nake so, don sau da yawa sauri nake, ko kuma wanda ya aiko fayil ɗin wayarsa ba ta da ƙugiya. Amma in na ɗauki wahala na rubuta `baƙi`, nan ma sai ta kawo duka biyun, saboda ta kankare abin da na rubuta kafin ta duba. Na ce ɗaki, ta haɗo mini da daki. Na ce ɓata, ta kawo bata. Wato na gina abin da ke yi wa rubutuna irin abin da nake faɗa da ɗalibai a kansa. Sassaucin ya kamata ya zama ta gefe ɗaya: k ta buɗe ƙofa biyu, ƙ ta buɗe tata kaɗai. Da tsarin kwafi biyu hakan ba zai yiwu da sauƙi ba. Na rubuta a takarda na manna a jikin allo.

Asabar, 4 ga Mayu

Tun kafin azumi rabona da `emerge --sync`, mai sauko da sabon jerin ebuild, saboda tsadar data. Jiya da dare na yi, na bar sabuntawa tana tafiya na kwanta. Da safe na danna maɓalli, sai ga bayanin amfani a madadin jeri, wai ba ta san `-H` ba. Na cire zaɓin na sake kira, ta fito da shuɗin nan nata na asali da ƙananan rubutu. Launukana sun tafi, facina ya tafi.

dmenu 5.3 ce ta shigo. Ta fito tun watan Maris, ni kuma da daɗewa na sa sunanta a `package.accept_keywords` don in riƙa samun sabon zubi da wuri, na manta. Jakar facina sunanta `dmenu-5.2`. Portage ya nemi mai suna `dmenu-5.3`, ya nemi mai suna `dmenu` zalla, bai samu ba, ya gina abarsa ba tare da ya ce uffan ba. Ta wajensa babu kuskure. Ajiyayyen saitina ma haka, da lambar 5.2 yake.

Wannan zaɓi ne da kowa zai yi wa kansa. In ka sa lambar zubi a sunan jakar, sabuntawa ba za ta taɓa tsayawa saboda kai ba, amma ranar da zubi ya canja facinka zai sulale ba sallama. In ka bar sunan zalla, za a gwada manna shi a kan kowane sabon zubi, ranar da bai dace ba ginin ya faɗi da ƙara, tsohuwar manhajar kuma tana nan a girke ba a taɓa ta ba. Ni na fi son mai ƙarar. Gara a tashe ni da ihu da a yi mini sata ina barci.

Na mayar da sunan `dmenu`, na sake ginawa, ya faɗi kamar yadda na zata. Yankin `readstdin` ne ya ƙi. A 5.2 layin da `getline` ya karanto shi ake miƙa wa jerin kai tsaye; a 5.3 an koma kwafe shi da `strdup`, an kuma sauya yadda ake faɗaɗa jerin. Layukan da facina ke kamawa ya gane wurinsa duk sun canja.

Saitin kuwa na mayar da sunansa `dmenu`, na goge `dmenu-5.3` da aka ajiye mini, don mai lamba shi ake fara dubawa.

Lahadi, 5 ga Mayu

Gyaran yankin da ya ƙi bai fi minti goma ba. Na buɗe zan yi, sai idona ya faɗa kan takardar da na manna. Tunda dai sai na taɓa, bari in sake karanta `match` da natsuwa.

Abin da ban lura da shi ba a karon farko: sau biyu kawai ake kiran `fstrncmp`, kuma duka biyun abin da mutum ya rubuta ne a farko, layin jeri a na biyu, tsawon da ake bayarwa kuma na abin da aka rubuta ne. `fstrstr` sau ɗaya, shi ma kowa da gurbinsa. Ke nan in na rubuta nawa masu kwatancen, waɗanda suka san wane gefe ne na mai nema, suna ƙirga tsawo ta gefensa kawai, ba ni da bukatar kwafi na biyu. Ba sai na taɓa `struct item` ba, ba sai na taɓa `readstdin` ba, `match` ɗin ma ko waƙafi ba zan sauya masa ba. Marubutan sun riga sun bar wurin sauya masu kwatance saboda `-i`, ni ne na tsallake ƙofa na je ina fasa katanga.

Sabon tsarin gaɓa uku ne da 'yar ƙaramar doka. Gaɓa ta farko tana karanto harafi ɗaya daga inda aka tsaya, ta duba bayit ɗin da idonta, ta mayar da shi ƙarami, ta matsa gaba da bayit ɗaya ko biyu ko fiye. Babu `mbrtowc`, babu ruwanta da saitin harshe. Baƙaƙe takwas ne, na rubuta lambobinsu da hannu. Dokar ita ce: harafin mai nema ya dace da na jeri in iri ɗaya ne, ko kuma in na mai nema k, d, b ko y ne, na jeri kuma ɗan'uwansa mai ƙugiya. Ba a juyawa. Sauran biyun su ne madadin `strncasecmp` da `cistrstr`, a kan dokar suke tafiya. Mai neman tsakiyar layi harafi-harafi yake matsawa, don kada ya fara kwatance daga rabin ƙ.

Duk na zuba su a sabon fayil, `hausa.h`. Sabon fayil ba ya karo da gyaran kowa, tunda babu shi a wajensu. Abin da ya rage a `dmenu.c` layin `#include` ne da 'yan layukan `-H`. Na gwada facin a kan 5.2 da 5.3, ya hau duka biyun.

Akwai hatsarin da na saya da wannan sauƙin, gara in rubuta shi. Na dogara ne da jerin da `match` ke miƙa kayansa. In wata rana suka juya shi, facin zai mannu lafiya, ya ginu lafiya, ya riƙa ba da amsar banza. Wannan Portage ba zai kama mini ba. Na rubuta ƙaramin fayil na gwaji mai kiran gaɓoɓin kai tsaye da kafa da ƙafa, baki da baƙi, daki da ɗaki, amma shi `hausa.h` kaɗai yake gwadawa. Duba `match` bayan kowane sabon zubi aikin idona ne.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ranar alamar ' ce. Wani abokin aiki a Maraɗi yana aiko mini da takardu, shi ƴaƴa yake rubutawa yadda ake yi a Nijar, ni kuma 'ya'ya. Kalma ɗaya, a jakata ta rabu biyu. Na sa mai karanta harafi in ya ga ' da y a bayanta ya ɗauke su harafi guda, daidai da ƴ.

Sai dai ita kanta alamar kala uku ce a fayilolina. Akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, bayit ɗaya. Akwai lanƙwasasshiya da manhajojin ofis ke sauya maka ba ka tambaya ba, E2 80 99. Akwai kuma wadda Unicode ya ware a matsayin harafi, CA BC. A ido kusan ɗaya suke. Duk na mayar da su abu guda, wanda ya gyara neman ma'ana da sa'a ma.

Wani abu ya ɓullo wajen gwaji. dmenu tana tacewa ne bayan kowane dannawa, to da na danna ' kafin in kai ga y, sai duk fayilolin abokina su ɓace, su dawo bayan na danna y. Na ƙara cewa alamar in ita ce ƙarshen abin da aka rubuta, ta dace da ƴ ma.

Tunda na shiga, na haɗa da tsohon rubutun da muka yi ta yi kafin wayoyi su samu ƙugiya: k'asa, d'aki, b'arawo. Ina da fayiloli da yawa masu irin sunan nan. Yanzu k', d', b' ana karanta su ƙ, ɗ, ɓ. Na ji tsoron k'yale, kada alamar ta bi y ta bar k, amma da yake daga hagu ake karatu k ce ke fara kama ta, ya fito daidai. Inda dokar ta yi ƙarya shi ne sab'in, don a nan b ce ta gaske da hamza a bayanta, facina kuwa saɓin yake gani. Na auna, ban ga ɓarna ba: `sab'in` na samo ta, `sab` na samo ta. Na bar shi, na rubuta bayani a saman layin.

Abin da na ƙi yi shi ne barin `maana` ta samo ma'ana. Ƙugiya wani allon ba shi da ita, wannan uzuri ne. Alamar ' kuwa babu allon da ba ta.

Asabar, 18 ga Mayu

Na daina ɗage ƙaura zuwa tsarin 23.0, sabon tushen saitin na'ura (profile) da Gentoo ta sanar tun Maris. Bayan an sabunta binutils da gcc da glibc, matakin ƙarshe shi ne sake gina komai da `--emptytree`. A wannan tsohuwar na'urar, cikin wannan zafin, kwanaki ne. Na yi amfani da `--getbinpkg`, tunda daga ƙarshen Disambar 2023 Gentoo tana raba ginannun ƙunshi a hukumance, manyan kaya su sauko a shirye.

Kafin in danna na tuna da abu guda. Ginannen ƙunshi a wata na'ura aka harhaɗa shi, ba ya bi ta `src_prepare` a nan, ke nan bai san da jakar facina ba. In aka samu wanda ya dace da saitina, za a sauke shi a kan nawa, in koma gidan jiya. Na ƙara `--usepkg-exclude x11-misc/dmenu` a `EMERGE_DEFAULT_OPTS` cikin `make.conf`. Duk manhajar da na yi wa faci nan gaba sai ta shiga wannan layin.

Sau biyu wuta ta katse aikin, `emerge --resume` ya ɗora daga inda aka tsaya. Da aka zo kan dmenu na ga sanarwar an manna facin mai na'ura ta wuce, cikin daƙiƙoƙi ta ginu.

Asabar, 25 ga Mayu

Saura abu ɗaya da ke damuna. In na rubuta `kafa`, kafa da ƙafa duk suna faɗawa kashin farko, na waɗanda suka yi daidai cif, kuma wadda `find` ya fara kawowa ita ke sama. Kamata ya yi wadda na rubuta da ainihinta ta riga. Gyaran yana bukatar kashi na huɗu a cikin `match`, wato in koma taɓa gaɓar da na yi murnar bari. Dabarar da nake juyawa ita ce in sa shi a faci na biyu, `hausa2-jeri.patch`. Portage bisa jerin suna yake manna su, in na biyun ya karye wata rana sai in ɗauke shi in ci gaba da na farko.

Na yi tunanin buɗe rumbun ebuild na kaina in kwafi na dmenu can, da facin a cikin `files`. Ban ga ribarsa ba tukuna, don zai zama duk sabon zubi sai na bi shi da hannu. Ranar da facin ya bukaci wata manhajar tallafi ta waje (library), wadda sai an rubuta ta a ebuild, sai in sake shawara.

Abokina na Maraɗi ya ce in aiko masa. Shi Debian yake, inda dmenu ke cikin ƙunshin `suckless-tools`, babu jakar faci da za ta riƙe masa. Na tura masa `hausa.patch` da bayanin yadda zai sauko da tushen 5.3, ya buga `patch -p1`, ya gina a gidansa. Na roƙe shi jerin sunayen fayilolinsa guda hamsin masu ƴ in ƙara a gwajina kafin in fara faci na biyu ranar Asabar mai zuwa.